Shayin Indiya: Daga Dajin Asam Zuwa Kasuwar Duniya

A shekarar 2023 ƙasar Indiya ta sarrafa busasshen ganyen shayi da ya kusa kai kilogiram miliyan 1,400. In ban da ƙasar Sin, babu wata ƙasa a duniya da ta kai ta. Duk wanda ya ji wannan adadi zai ɗauka cewa Indiya ce ke riƙe da akalar cinikin shayi tsakanin ƙasashe, amma ba haka abin yake ba. Abin da ta fitar waje a wannan shekara bai kai kilogiram miliyan 250 ba, alhali kuwa Kenya, wadda abin da take nomawa bai kai rabin na Indiya ba, ta fitar da fiye da miliyan 500. Wani abin mamaki kuma shi ne, itacen shayin da Kenya ke tinƙaho da shi daga Indiya aka kai mata irinsa. To, yaya aka yi ɗa ya ƙwace wa uba kasuwa?

Masana tattalin arziki suna da tasu amsar. Ni kuwa malamin ilmin halittu ne, saboda haka daga jikin tsiron zan faro, domin a ganina rabin amsar tana nan cikin ganyen.

Tsiron da ake hana shi girma

Sunan shayi a kimiyyance Camellia sinensis. Itace ne mai ganye kore rani da damina, kuma manyan ire-irensa biyu ne. Akwai na ƙasar Sin mai ƙananan ganye, wanda yake jure sanyi. Akwai kuma na Asam, wato assamica, mai faffaɗan ganye, mai son zafi da laima, wanda in an ƙyale shi a daji yakan kai tsawon mita 15. Mai karatu da ya taɓa ganin hoton gonar shayi, shimfiɗe kamar koriyar darduma daidai ƙugun mutum, ya sani cewa aski ne ake yi wa itatuwan ba fashi. Dalilin askin ba ɓoyayye ba ne ga ɗalibin ilmin tsirrai. Tohon da ke kan reshe yana fitar da wani sinadari mai suna oksin, wanda yake hana tohon gefe fitowa. Da zarar an tsinke kan, sai na gefe su farka, reshe ɗaya ya koma uku ko huɗu. Duk wadda ta taɓa datse kan zogale a tsakar gida ta ga irin wannan. A wajen shayi, sabon toho shi ne amfanin gonar: ganye biyu na sama da ɗan tohon da bai buɗe ba, su ake so, domin a cikinsu sinadaran ɗanɗano suka fi taruwa.

Shayi yana son ƙasa mai tsami, wadda ma'aunin pH nata yake tsakanin 4.5 da 5.5, yana kuma son ruwan sama mai yawa da ya bazu a kan watanni masu yawa, amma ba ya son ruwa ya kwanta a saiwarsa. Shi ya sa ba a ganinsa a ƙasar Hausa. A Nijeriya sai an hau tsaunin Mambila a jihar Taraba kafin a tarar da gonakinsa.

Yadda Turawan Ingila suka shiga noman

Har farkon ƙarni na 19, duk shayin da ake sha a Ingila daga ƙasar Sin yake fitowa. Sinawa kuwa ba su da wata buƙata ta kayan Ingila, azurfa suke so a biya su da ita. Da azurfar ta fara yi wa Turawa nauyi, sai suka shiga noma ƙwayar ofiyam a Indiya suna shigar da ita Sin domin su dawo da kuɗinsu, abin da ya kai ga yaƙi tsakanin ƙasashen biyu daga 1839 zuwa 1842. Tun kafin yaƙin, kamfanin da ke mulkin Indiya a madadin Ingila, wato East India Company, ya rasa ikon da yake da shi na cinikin Sin shi kaɗai a 1833. Don haka ya ga ba shi da mafita sai ya nemi inda zai noma shayi a ƙasar da ke hannunsa.

Ashe abin nema yana bayan ɗaki. A 1823 wani Bature mai suna Robert Bruce ya sami labari cewa ƙabilar Singfo ta arewa maso gabashin Indiya tana tsinkar ganyen wani itace a daji tana dafawa tana sha. Littattafai da yawa sukan ce Bruce ne ya gano shayin Asam. Wannan magana tana buƙatar gyara, domin ba a gano abin da masu shi suka daɗe suna amfani da shi. Nuna masa aka yi. Wanda ake danganta wa haɗa shi da mutanen Singfo wani babban mutum ne na Asam, Maniram Dewan, wanda daga baya ya kafa gonar shayi tasa ta kansa, kuma Turawa suka rataye shi a 1858 bisa zargin hannu a boren 1857. Sai da aka shafe shekara goma da ɗoriya kafin masana tsirrai na Kalkata su yarda cewa wannan itace shayi ne na gaskiya. A watan Janairu na 1839 aka yi gwanjon akwatunan farko na shayin Asam a Landan, a shekarar kuma aka kafa kamfanin Assam Company.

Duk da haka Turawa ba su daina ganin cewa irin Sin ya fi ba. A 1848 suka tura wani masanin tsirrai, Robert Fortune, ya yi shigar Sinawa ya kutsa yankunan da aka hana baƙi shiga. Matsalar da ta sha kan waɗanda suka riga shi ita ce ƙwayar irin shayi ba ta daɗewa. In ta bushe, ta mutu. Dabarar da ta fisshe shi ita ce shuka irin cikin ƙasa a rufaffun akwatunan gilashi, ya tsira a hanya, ruwan da ganye ya fitar ya taru a jikin gilashin ya sake komawa ƙasa. Ta haka dubban tsirrai suka isa Indiya da rai, tare da wasu Sinawa gwanayen sarrafa ganye. Irin Sin bai yi abin kirki a zafin kwarin Asam ba, amma ya sami gida a tsaunukan Himalaya, musamman Darjilin, inda wani likita mai suna Archibald Campbell ya riga ya fara gwajin shuka tun 1841. Kafin 1890 shayin Indiya ya zarce na Sin a kasuwar Ingila.

Abin da ke faruwa cikin ganye

Koren shayi da baƙin shayi duka daga itace ɗaya suke. Bambancinsu aikin wani sinadari ne mai gaggauta sauyi, irin waɗanda muke kira enzayim. A cikin kowace ƙwayar halitta ta ganyen akwai wasu sinadarai masu bauri da ake kira katekin, akwai kuma enzayim ɗin, amma kowanne yana ɗakinsa. Muddin ganye yana lafiya ba sa haɗuwa. Da zarar an murje shi, sai bangon ɗakunan ya fashe, su gauraya, iskar oksijin ta shiga, katekin ya rikiɗe zuwa wasu sinadarai masu launin ruwan zinariya da ja mai duhu. Su ne ke ba baƙin shayi launinsa da ƙarfinsa. Mai cin goro ya san wannan sauyi ko da bai san sunansa ba: a ɓare farin goro a kankare shi a ajiye, jim kaɗan sai ya yi ja. Dangin enzayim ɗin ne ke aiki a can ma. Kuma kafin, sinadarin da ke hana barci, yana cikin goro kamar yadda yake cikin shayi. Tsiron yana yin sa ne domin kare kansa daga ƙwari, ba don ya taimaki ɗalibi a daren jarrabawa ba.

Masu yin koren shayi, irin wanda ake dafawa a ƙaramar buta a Agadas da Zinder, suna gasa ganyen ko su turara shi da zarar an tsinko, zafi ya kashe enzayim, ganye ya zauna kore. Masu yin baƙi kuwa suna shanya shi ya yi yaushi na tsawon sa'o'i, su murje, su bar shi ya sha iska, sa'an nan su busar da shi da iska mai zafi. Malamai za su iya nuna wa ɗalibai wannan a aji ba tare da kashe kuɗi ba. A yanka dankalin Turawa gida biyu, a tsoma ɓari ɗaya a tafasasshen ruwa na minti biyu, a kankare fuskokin duka biyun a ajiye. Ɗanyen zai yi duhu, wanda ya sha zafi ba zai yi ba.

Wannan ɗan sauyi yana da babban tasiri a kan sana'ar baki ɗaya. Ganyen da aka tsinka ba ya jira. In ya kwana a tare cikin buhu, sai ya ɗau zafi ya fara lalacewa, saboda haka dole masana'anta ta kasance kusa da gona. Manomin gero zai iya zuba hatsinsa a rumbu ya jira kasuwa ta yi kyau. Manomin shayi ba shi da wannan dama, duk farashin da mai masana'anta ya yanka masa a ranar shi zai karɓa. A yau fiye da rabin shayin Indiya daga hannun ƙananan manoma yake fitowa, kuma wannan shi ne babban kukansu.

Ƙishirwar cikin gida

Turawa sun kafa gonakin ne don su ɗauki ganyen su kai gida, talakan Indiya bai san shayi a matsayin abin sha na yau da kullum ba. Koya masa aka yi. Tun farkon ƙarni na 20 masu gonaki suka fara tallarsa a tashoshin jirgin ƙasa da masana'antu, suka ƙara ƙaimi bayan karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929, lokacin da ganye ya yi kwantai. Amma abin da ya kai shayi kowane lungu wata na'ura ce da William McKercher ya ƙirƙiro a Asam wajen 1930. Tana da wasu ƙarafa biyu masu haƙora da ke juyawa, su murƙushe ganye, su yage shi, su dunƙule shi ƙanana-ƙanana. A kasuwa ana kiran wannan shayi CTC. Tun da an fasa kusan dukan ƙwayoyin halittar ganyen, enzayim yana aiki da sauri, shayin yana fitar da launi nan take, kuma cokali guda yana isar kofuna da yawa. Ƙamshinsa bai kai na wanda aka murza a hankali ba, amma wa zai lura bayan an tafasa shi da madara da sukari da citta? Daga shekarun 1960 ya mamaye ƙasar, har ya zama mafi yawan abin da Indiya ke sarrafawa a yau CTC ne.

Kowane Ba'indiye yana shan abin da bai wuce giram 800 da wani abu ba a shekara. Wannan ba yawa ba ne in an kwatanta da Baturke mai shan fiye da kilogiram 3. Sai dai idan aka ninka shi da mutum fiye da miliyan 1,400, za a ga inda ganyen yake tafiya: kusan kashi 80 cikin 100 a gida ake shanye shi. Wannan shi ne dalili na farko. Kenya kuwa mutanenta ba su kai miliyan 60 ba, ɗan kaɗan suke sha, sauran duk ya nufi tashar jiragen ruwa ta Mombasa.

Barcin hunturu

Dalili na biyu shi ya fi jan hankalina. Asam tana wajen digiri 26 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu rana takan gajarta, dare ya yi sanyi, sai itacen shayi ya daina fitar da sabon toho. Ba ya kakkaɓe ganyensa kamar kuka, tsayawa kawai yake yi. Binciken da aka yi a Tocklai, cibiyar nazarin shayi da aka kafa a Jorhat a 1911, ya nuna cewa wannan barci yana zuwa ne idan tsawon yini ya sauka ƙasa da sa'a 11 da 'yan mintoci na makonni a jere. Ke nan masana'antun Asam da na Bengal ta Yamma suna zaune kusan wata uku ba aiki, ga ma'aikata ana ciyarwa, ga bashin banki yana hawa. In damina ta kankama kuma, sai ganye ya zo gaba ɗaya, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi.

Gonakin Kenya, waɗanda tarihinsu ya faro da 'yan tsirran da aka shuka a Limuru a 1903, suna kan layin tsakiyar duniya ne, a tsaunuka masu tsawon mita 1,500 zuwa sama. Tsawon yini ba ya canzawa, itace ba ya barci, ana tsinka daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Sanyin tsauni kuma yana rage musu ƙwari, ba sa fama da feshin magani kamar Asam, inda wani ƙwaro mai tsotsar toho, Helopeltis, da jan gizo-gizo ɗan mitsitsi suke cin amfanin gona. Kamfanin da ke haɗa shayin ɗan ƙunshi a Ingila ko Masar ko Pakistan yana son ganye iri ɗaya kowane wata a farashi mai sauƙi, kuma Mombasa ce ke ba shi. Hujjar da ke ƙarfafa wannan bayani tana cikin Indiya kanta: a tsaunukan Nilgiri na kudu, wajen digiri 11, shayi ba ya barci. Sai dai kudancin ƙasar bai fi kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake nomawa ba, Asam kaɗai kuwa tana ba da kusan rabi.

Siyasa ma ta yi nata. Shekaru da dama Tarayyar Sobiyat ce babbar mai sayen shayin Indiya, bisa wata yarjejeniya ta biya da kuɗin Indiya, wato rufi. Kasuwa ce mai daɗi wadda ba ta cika tsananta wa kan inganci ba, kuma a nawa ra'ayin ta sangarta masu gonaki. Da tarayyar ta wargaje a 1991, sai suka waiwaya suka tarar Kenya da Siri Lanka sun riga sun zauna a sauran kasuwanni. Daga ƙarshen shekarun 1990 farashi ya karye, aka rufe gonaki da dama a yankin Duwars na Bengal ta Yamma, har aka yi ta ba da rahoton mutuwar ma'aikata saboda yunwa. A daidai wannan lokaci ne kuma al'amura suka juya ta wata fuska. A 1998 aka rufe gwanjon shayi na Landan bayan fiye da shekara 300, ciniki ya tattara a Kalkata, Guwahati, Kolombo da Mombasa. A 2000 kamfanin Tata na Indiya ya saye Tetley, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin shayi na Ingila. A 'yan shekarun nan manyan masu sayen shayin Indiya su ne Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Iraƙi, Rasha, Iran, Amurka da Ingila, kuma a jerin masu fitarwa Kenya da Sin ne a gaba, Indiya da Siri Lanka suna kokawar matsayi na uku.

Hannun da ke tsinka

Ana buƙatar ɗanyen ganye kimanin kilogiram 4 da rabi kafin a sami kilogiram ɗaya busasshe, kuma a kakar ganye duk bayan kwana bakwai ko makamancin haka sai an koma kan kowane itace. Akwai injin yanka, amma inji ba ya bambanta toho da tsohon ganye. Saboda haka sana'ar ta dogara ga hannu. Mutum fiye da miliyan ɗaya ne ke aiki a gonakin shayin Indiya, fiye da rabinsu mata, kuma kuɗin ƙwadago shi ne fiye da rabin abin da babbar gona ke kashewa.

Yawancin ma'aikatan Asam jikokin mutanen da aka kwaso ne daga tsakiyar Indiya da gabashinta tun daga ƙarni na 19, bisa yarjejeniyar da ta mayar da barin aiki laifi. Wanda ya gudu a kamo shi. Dokar 1951 ta wajabta wa masu gonaki samar musu da gida da magani da makaranta, amma cikawa ta bambanta daga gona zuwa gona. A 2023 ladan yini a kwarin Birahamaputra ya kai rufi 250, wato kimanin dala 3. Ma'aikata suna cewa bai isa ba, kuma gaskiyarsu ce. Masu gonaki suna cewa farashin gwanjo ya daɗe bai bi hawan kuɗin taki da mai da albashi ba, wannan ma akwai gaskiya a ciki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mafi tsokar ribar tana wajen masu haɗa ganye su zuba a kwali su maƙala suna, ba wajen mai noma ba.

Darjilin

Tun da Indiya ba za ta iya gasa da Kenya a araha ba, hanyar da ta rage mata a kasuwar waje ita ce inganci, kuma a nan Darjilin ce madubi. Gonaki 87 ne kawai ke da izinin amfani da wannan suna, wanda doka ta kare tun 2004, shi ne kaya na farko a Indiya da ya sami irin wannan kariya. Ganyen da ake tsinka a watannin Mayu da Yuni yana da wani ƙamshi kamar na inabi, wanda masu saye a Jamus da Japan suke biya da tsada. Wani ɓangare na sirrin ƙamshin kuwa ƙwari ne. Wasu ƙananan ƙwari suna tsotsar tohon, itacen ya mayar da martani ta hanyar fitar da sinadarai masu ƙamshi don kare kansa. Manomin da ya yi feshi ya kashe su duka ya kashe kasuwarsa.

Amma Darjilin tana cikin wani hali. Itatuwa da yawa sun haura shekara ɗari, sake dashe kuma yana nufin jiran shekaru ba amfani. Matasa suna barin gonaki su tafi birni. A 2017 yajin aikin siyasa na kwana 104 ya faɗo daidai kakar ganye mafi tsada, masu saye suka juya ga Nefal, maƙwabciya mai irin tsauni ɗaya da irin itace ɗaya, kuma da yawansu ba su dawo ba. Abin da yankin ke samarwa ya sauka daga sama da kilogiram miliyan 10 a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da miliyan 6 a 2024.

A kan duk wannan ga sauyin yanayi. Bayanan da Tocklai ta tara na kusan ƙarni guda sun nuna zafin dare a Asam ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya, ruwan sama kuma ya ragu, sa'an nan yana zuwa a hargitse. A 2024 tsananin zafi a watan Mayu da ambaliyar da ta biyo baya sun rage amfanin gonar ƙasar da kusan kilogiram miliyan 100. Zafi yana ƙara ƙwari, ƙwari suna jawo feshi, ƙasashen Turai kuwa suna auna ragowar magani a jikin ganye su mayar da kayan da ya wuce ƙa'ida. Masu bincike suna ƙoƙarin fitar da ire-iren da ke jure fari da ƙwari, amma shayi ba masara ba ne. Furensa ba ya karɓar garin barbarar kansa, don haka 'ya'yan itace ɗaya ba sa fitowa iri ɗaya, dole a zaɓi itace guda mai kyau a yaɗa shi ta dashen reshe, a gwada shi shekara da shekaru. Tocklai ta fitar da irin dashenta na farko, TV1, a 1949, kuma har yau akwai gonakin da ake tsinkarsa.